Tun da aka yi sharhin fim ɗinsa, mijina ya daina tsokanata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina.

Ni nas ce a garin Clinton a nan Amurka, mijina direba ne, yana ɗaukar fasinja a filin jirgi. Ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara a Damagaram ba mu san wata hira ba sai tsokana. In ce masa mai kan ƙwarya, ya ce ai ni sadakata aka ba shi don an rasa mai ɗauka. A haka muka yi aure, in kun ji gidanmu shiru to ɗayanmu ba lafiya.

Bara ya cika burinsa, ya haɗa fim na barkwanci irin na da, miji da mata suna ta cacar baki da guje-guje, ana buga ƙofa, tukunya tana kifewa. Duk abin da matar fim ɗin take faɗa daga bakina ya kwaso. Da aka nuna shi a wani zaure a Wheaton, mutanenmu har da hawaye don dariya.

Sai wata Ba'amurkiya mai sharhin fina-finai ta yi rubutu a intanet. Ta yaba masa, wai ya farfaɗo da salon da ya mutu, amma wai ita tausayi ya kama ta, don a fili yake matar nan ta raina mijinta, ba ta taɓa sonsa ba, shi ne kawai bai gane ba. Fassarar Turanci ta karanta a ƙasan fim, ina ta san wasan taubasai? Wasu masu sharhin ma suka bi bayanta.

Ya karanta ya fi a ƙirga. Rannan na ce mai kan ƙwarya ga tuwo, sai ya ajiye cokali ya tambaye ni ko da gaske haka nake ganinsa. Na rantse, na yi kuka, ya ce ba komai. Tun daga nan Hajiya yake kirana, sannu da aiki, na gode, kamar baƙo. Wallahi gara ya zage ni.

Na cire kunya na ce masa ina sonsa, abin da ban taɓa furtawa ba. Ya kalle ni ya ce wannan ba muryata ba ce.

In na tsokane shi ya ji ciwo, in na lallashe shi bai yarda ba. Jama'a, ni yanzu da wane baki zan yi wa mijina magana?