Matata ta shanya wasan ƙanena a rana

Dona Zuleide, don Allah ki taimake ni kafin in rusa gidana da shiru.

Ni dattijo ne a nan birnin Belém, cikin masu tara tsofaffin kwamfutocin nan da ake haɗawa da talabijin. Ƙanena Valdemir, tun muna samari, ya rubuta wani wasan kwamfuta na jirgin ruwa, ya zuba shi a ƙwayar ajiya, ya ɗora a kan ɗan allon da ake sokawa a bayan kwamfuta. Da ka kunna, sunayenmu biyu ne ke fara fitowa. Kogi ya ci Valdemir yana ɗan shekara ashirin da uku. Ban taɓa kwafe wasan ba, kullum sai in ce gobe.

Ƙwayar tana da 'yar tagar gilashi da ake rufewa da takarda, don hasken rana yana goge abin da ke ciki. Ina asibiti an yi mini aikin zuciya, damina ta sa ɗakina ya yi fumfuna. Matata Nilza ta kwashe allunan kwamfutocina, har da na Valdemir, ta ɓare takardun da suka ruɓe, ta jera su a baranda makonni suna shan rana, kamar yadda take yi wa takalma. Da na dawo gida, har da murnarta ta nuna mini. Na kunna, babu komai.

Ban faɗa mata ba. Amma na kasa cin abincinta, na kasa kallonta. Ranar nan na ji ta a waya tana gaya wa yayarta wai ciwo ya sa na daina son ta. Ni kuwa ji nake kamar yanzu aka binne Valdemir. In na yi magana, na san ta, ba za ta yafe wa kanta ba.

Yayan Valdemir

Bawan Allah, ina yi maka ta'aziyya, don rashi ne, kada wani ya ce maka ƙarfe kawai ka rasa.

Amma ka saurare ni. Nilza ta yi abin da kowace macen Belém take yi wa fumfuna, kuma kai ne ka zauna da ita shekaru ba ka nuna mata amfanin takardar ba. Shirun da kake kira tausayi, horo ne. Gaskiya za ta sa ta kuka na kwanaki. Zaton ka daina son ta yana cin ta kullum.

Ka tambayi abokan tara kayanku. Samarin zamaninku ba sa barin wasa bai shiga kaset ba, wataƙila wani ya kwafa. Kada dai ka sa rai sosai.

Kafin nan, ka zaunar da ita, ka fara da cewa ba laifinta ba ne, sannan ka ba ta labarin. Ka daɗe kana makokin nan kai kaɗai a ɗaki. Ka bar ta ta taya ka. Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya muku zuciya ku biyun.

Zuleide