Maigidana Ya Yanke Gaisuwar Inna

Anti Safiyyatu, ki taimake ni kafin mahaifiyata ta haɗa kayanta.

Maigidana injiniya ne a nan Doha, muna zaune a unguwar Abu Hamour. Lokacin kullen korona ya kamu da son fina-finan Ingila, irin waɗanda ake shan shayi a ƙaton falo ana hararar juna cikin ladabi. Da farko na ji daɗi, ga shi a gida. Ashe alƙali nake kiwo. Sai ya tsayar da fim ya hau yi min darasi: wancan marubucin ya cika surutu, wannan ɗan wasan kuwa gwani ne, matarsa ta mutu amma gira kawai ya ɗaga. Ni dai wanda matarsa ta mutu ya ɗaga gira, tuhumarsa zan yi.

Da abin ya tsaya a talabijin da sauƙi. Ranar da ƙanwata ta haihu ba na kusa na yi kuka, ya ce ya yi yawa, wai gwanar 'yar wasa taga take kallo ta yi shiru.

Da gasar kofin duniya ta zo muka samo wa Inna izinin shigowa, na yi shekaru ban gan ta ba. Bawan Allahn nan ya tare ta a tsaye, ya ce sannu da zuwa, ya ɗan sunkuyar da kai, khalas, shi ke nan. Babu durƙuso, babu ya hanya, babu ya mutanen Gumel. Da na yi magana sai ya ce gaisuwarmu duk maimaici ce, marubucin ƙwarai yanke ta zai yi, girmamawa a ido take. Inna ba ta ga komai a idonsa ba. Ta daina cin abincin gidan sai kunun da ta zo da garinsa, ta ce a mayar da ita, ba ta zama inda aka raina ta. Raina a ɓace yake, kuma dukansu ina son su.

Matar Alƙali, Doha

'Yar uwa, kwantar da hankalinki. Ban ga raini a nan ba, wauta ce ta mai ilimi, kuma kulle ya bar wa wasu mazan abin da ya fi wannan muni. Yana da gaskiya ma, ba kowace magana ke da amfani ba. Amma Inna ba ta hau jirgi don ta karanta idon suruki ba. Da wannan maimaicin da yake son yankewa tsohuwa ke sanin tana da daraja a gidan 'yarta.

Kada ki yi gardamar fim da shi, zai kayar da ke. Ki faɗa masa a sarari cewa mahaifiyarki ba ta cin abincinsa. Inna kuma ki lallashe ta, ki ce mata kallo ne ya yi masa yawa.

Gobe da safe ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ɗauko gaisuwa tun daga farko, ya tambayi mutanen Gumel ɗaya bayan ɗaya har awaki. Idan ta ce ya tashi, kada ya tashi a karon farko. Allah Ya huci zuciyarta, Ya bar ku tare.