Haɗin Baba a Jikin Durom

Daren Laraba, Kura.

Barci ya ƙi zuwa. Yau na wuce ta sabon asibitin da ake ginawa a hanyar Bunkure, na tarar ana yaɓe shi da haɗin Baba, kuma ba hannuna ke yi ba.

Wata biyu ke nan da Injiniya Sani ya kawo min takarda. Ya ce ginin ba zai samu shaidar kare muhalli ba sai an bayyana duk abin da ke cikin kayan aikin, har da yaɓe.

"Malam Habu, ƙa'ida ce kawai, kuma aikin naka ne."

Na rubuta jar ƙasa, tokar ɓuntun shinkafa da makuba daga ɓawon ɗorawa. Don rawar kai har na ƙara da adadin kwanakin da ake jiƙa makubar, abin da ba su ma tambaya ba. Baba bai faɗa min wannan ba sai da yana kwance a ciwon ajali.

Yau ga leburorin wani kamfani daga Kumbotso suna kwaɓawa, takardata manne a jikin durom. Injiniya ko kunya babu, ya ce, "Ai abin da aka bayyana ya zama na kowa."

Na karanta ta har ƙasa. Sunan ɗorawa yana ciki. Na Baba babu.