Furen da Habibu Ya Rataye

Daren Laraba, cikin bazara, Gyaɗi-Gyaɗi

Yau kwana tara da rasuwar Habibu, mijina. Masu gaisuwa suna ta yaba haƙurina, alhali ni ba na jin komai ne kawai. Shukar bakofa da ya rataye cikin kwando a baranda ta zubar da fararen furanninta, ina kallo, ban ba ta ruwa ba.

Da la'asar Maman Ngozi, maƙwabciyata da muke aikin jinya tare, ta shigo da almakashi. Ta datse busassun rassan, ta miƙo min buta.

"Sista Rabi, wannan ba ta jure ƙishirwa. Safe da yamma, kin ji?"

Na yi ta zubawa. Sai da ta riƙe hannuna na lura ruwan ya daɗe da ƙarewa.