Ɗigo Mai Lamba Shida Ya Hana Ni Sakat

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Fiziks na karanta, na kuma yi shekaru a ɗakin gwaje-gwajen jami'a ina bin sawun ƙwayoyin da ido ba ya gani. A kwamfuta ɗigo-ɗigo suke fitowa. Bayan rasuwar malamina sai wurin ya fita daga raina, na karɓi aiki a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa. 'Yan wasa suna sa riga mai na'ura, ni kuma ina wani ɗaki a bayan fili, mai warin man zafi da jiƙaƙƙiyar safa, ina lissafa gudun kowa. Su ma ɗigo ne a allona. Matata har tsokanata take yi, wai na bar ƙananan ɗigo na koma wa masu gumi.

To Anti, ɗigon jami'a ba shi da iyali. Na nan kuwa, mai lamba shida, kyaftin ɗinmu ne, ɗan wasan baya da shekaru suka fara ja. Shi ya fara ba ni kujera ranar da na zo. Yakan taho atisaye da 'yarsa, ta zauna a benci rungume da takalminsa. Lissafina ya nuna gudunsa ya ragu a bana. Kwantiraginsa zai ƙare, kuma koci ya ce kada in cika shi da zane-zane, kalma ɗaya yake so: a riƙe ko a sallama.

Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba. Ko ido na rufe sai in ga ɗigon nan yana jan ƙafa shi kaɗai a fili. Ga kuma muryar marigayi malamina. Bai taɓa karɓar sakamako a hannuna ba sai ya ɗora jan bironsa a kai ya ce, "Ina iyakar shakkarka?" Wallahi ina jinsa a bayan kujerata, har waiwayawa nake yi. Gaskiya wasannin da na auna ba su da yawa, kuma an sauya wa kyaftin wurin tsayuwa a tsakiyar kakar wasa. Amma raguwar ma gaskiya ce. In na ce a riƙe, na yi wa aikina ƙarya. In na ce a sallama, da wane ido zan kalli yarinyar nan? Ko dai in tattara in koma jami'a? Tsoro nake ji.

Naki,
Mai Ƙirga Gudun Wasu

Ƙanena,

Ka fara ajiye maganar komawa jami'a. Ko ka tafi, wani zai zauna a kujerarka ya rubuta kalmar nan, wataƙila ma wanda bai san kyaftin yana da 'ya ba.

Koci bai yi laifi ba. Ƙungiya yake gudanarwa, kuma akwai matashi a benci da ke jiran wurin nan, shi ma yana da uwa mai yi masa addu'a. Saboda haka kada ka taɓa alƙaluman don tausayi. Amma kalma ɗayar da yake nema, shi aka ɗauka ya faɗe ta. Kai an ɗauke ka ne ka faɗi abin da ka auna da kuma inda awonka ya tsaya. Ka rubuta masa a gajarce: gudu ya ragu da kaza, wasannin kaɗan ne, an sauya masa wuri, ga abin da ban sani ba tukuna. Idan ya ɓata rai, ka yi haƙuri ka tsaya a kan bakanka cikin ladabi.

Kafin nan, ka nemi izinin koci ka zauna da kyaftin, ka nuna masa ɗigonsa. Babban mutum ne, ya fi ka sanin gwiwarsa. Mai yiwuwa ya gaya maka abin da riga ba ta aunawa, mai yiwuwa kuma ya riga ka sanin lokaci ya yi. Ba zan ɓoye maka ba, duk da haka za a iya sallamarsa, kuma za ka ji ciwo. Sai dai ba zai ji labari a bakin 'yan waje ba.

Malaminka kuwa, tambaya ɗaya yake maimaita maka, kuma ka san amsarta. Ka rubuta ta a rahoton nan, za ka ga ka daina waiwaye. Allah ya jiƙansa, ya ba ka natsuwa, ya zaɓa wa kyaftin da 'yarsa mafi alheri.

Antinka