Amyar da ta Rage

Zuwa ga Hadiza, uwar Sani,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Allah. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da ranki ma takarda ba ta dame ki ba. To amma wa zan gaya wa?

Bana ma ruwa bai zo Tirmini ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. An sassare rassan gawo an ba awaki, itace bai yi fure ba, ƙudan zuma suka watse. Cikin amyoyina da kike min tsiya a kansu, ɗaya ce ta rage, ta bayan gida. Kullum da safe ina kai wa ƙudan ruwa a kasko, in gaishe su, mutane na cewa tsufa ya taɓa ni. Su yi ta faɗa. Tun da kika tafi, gunjin ƙudan ne kawai motsi a gidan nan.

Sani ya zo daga Damagaram, yana nan da aikinsa na asibiti. Ya ce masana sun gano wasu sinadarai a cikin zuma, waɗanda ƙudan zuma ke kwasowa daga fure. Wai in an zuba su a kan ƙwayoyin ciwon daji sai su rage musu yaɗuwa. Har na miƙe zaune, sai ya ce a kwalba aka gwada, ba a jikin mutum ba, kada in ce wa kowa magani ne. Na ji haushinsa, ko da yake gaskiyarsa ce. Da zuma ta wadata shekarar da ciwon ya kama nononki, da kina nan? Bai sani ba, ni ma ban sani ba. Abin da na sani, a ƙarshe ba abin da ke wuce miki wuya sai zuma a ruwan ɗumi, ki sha ki samu barci.

Hadiza, ciwon nan ya kama Mariyama, ƙawarki ta daka. An sallamo ta daga asibiti, ba ta iya haɗiyar ko fura. Jiya 'yarta ta zo ta durƙusa, tana tambaya ko da sauran zuma.

Akwai, amma 'yar kaɗan ce, ita ce abincin ƙudan har damina. In na yanke, za su tashi, kuma a farin nan ba masu dawowa ba ne. Na yini ina kallon amyar. Ban taɓa gaya miki ba, ina tsoron shiru, shi ya sa nake jan ki da faɗa don kawai ki tanka.

Gobe zan hau in yanke. Ba zan ce wa Mariyama za ta warke ba, ta dai samu barci. Jibi ban san da wa zan gaisa da safe ba.

Allah ya kai haske kabarinki. Sai na zo.

Mijinki,
Idi mai amya