Randar Tashar Funtuwa

Funtuwa, ranar Litinin

Zuwa ga yayana Malam Ummaru, a Dayi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya tare da Yaya Sabuwa da yara, kuma girbin masara ya yi albarka.

Yaya, na yi laifi. Jiya na ja wa maƙwabcinmu Isah, mai gadin tashar jirgin ƙasa, Allah ya isa a bainar jama'a, alhali umarni aka ba shi, abincin 'ya'yansa yake nema.

Ka tuna shekarar da sanƙarau ya kwantar da ɗana Awaisu, na yi bakance cewa in Allah ya tashe shi, zan shayar da matafiyan jirgi ruwa kyauta muddin ƙafata na ɗaukata. Tun daga nan randata ba ta bar gindin dalbejiyar tasha ba, har a shekarun da jirgi ke zuwa sa'ad da ya ga dama.

Yanzu an damƙa layin ga wani kamfani. Sun kewaye tasha da waya, ba mai shiga sai da tikiti, ruwa kuma sai nasu na sayarwa. Isah aka sa ya fitar da randata. Ka ba ni shawara.

Ƙanwarka,
Shafa'atu

Funtuwa, ranar Juma'a

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar ciwon ƙafarka.

Saƙonka ya iso. Na nemi gafarar Isah, ya yafe. Amma kafin in kai randa tashar mota kamar yadda ka ce, sai da na sayar da wakena na yanki tikitin Zariya, don kawai in shiga tashar da jarkar ruwa. Kuɗin ya ninka na da har ban so in faɗa maka. Isah ya kau da kai na wuce.

Ba zan yi musu ƙazafi ba: jirgin ya zo a kan lokaci, tsaf da shi. Sai dai ban ga mutanen Tsiga da Mahuta masu buhunan barkono ba, an cire taragonsu. Na cika moɗa na ɗaga kamar kullum, sai na ga tagogin gilashi ne a liƙe, ba sa buɗuwa. Babu ta inda hannu zai fito. Wata mata a ciki ta ɗauke ni hoto da wayarta.

Na tambayi raina: ladan nake kuka, ko sunan Hajiya mai randa da ake kirana da shi? Ban sami amsar da ta wanke ni ba.

Randa tana tashar mota yanzu, mutanena na sha kafin su hau bayan manyan motoci su bi hanyar da kowa ke tsoro. Ka ce hakan ya wadatar. Ni dai jirgi na ambata wa Ubangijina, kuma ƙafata tana ɗaukata. Na ciyar da miskinai goma kaffara.

Ban cika alkawarina ba, Yaya. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Shafa'atu